Kuɗin Idon Baba

Garwa, ƙasar Kamaru
Maris, 1984

Zuwa ga Yaya Liyatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mark da yara. Ki leƙa mini matata Dokas, ki ce mata ta daina ɗaukar tulu da cikin nan, akwai masu ɗauka. Ni lafiyata ƙalau. Baba ma lafiya, sai gajiyar hanya da zancen idon. Na dama dai kin san ya riga ya mutu. Na hagu da muka fito ceto yana nan yadda yake, yana ganin haske da giftawar mutum, amma ba ya gane kowa sai ya ji murya.

Yaya, ki taya ni murna, mun iso Garwa ban biya kuɗin mota ko kwabo ba. Malam Hamman direba ya ɗora mu a kan buhunan wake tun daga Mubi, ni kuma na zama ɗan lodinsa, duk inda aka tsaya in sauke in ɗora. Baba ya sha rana a saman lodi, amma na yi masa rumfa da zanen gado. Masauki ban ko tambayi kuɗinsa ba. Barandar wani coci muka samu, da na yi wa mai gadin Fulatanci har tabarma ya ba mu. Garin kunun da kika ƙulla mana da ƙuli-ƙulin su muke ci. Na kuma gano wata dabara. Dogon burodin nan nasu idan ya kwana sai ya zama sanda, masu shi su karyar da shi rabin kuɗi. In ka tsoma a kunu, wa ya san ya kwana? Masu cewa da Kano muka nufa su zo su gani. Da yanzu mota da masauki sun cinye mana sa guda.

Babban zancen shi ne lalitar da kika ɗinka. Tana ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin riga, ko wanka zan yi sai na rataya ta a wuya. Kuɗin shanun Baba suna ciki yadda kika jera su, ban warware zare ɗaya ba. 'Yan canji sun yi mini caa a tasha. Ɗaya ya bi ni har bakin kogi yana cewa, "Ɗan Najeriya, kawo naira ka, yau sefa yana araha, gobe ba ka samu haka." Na canza 'yan kuɗin aljihu kawai, na ba shi haƙuri. Ga yadda na auna abin. Sefa kuɗi ne mai ƙafa, yana shiga aljihu zai fara tafiya, yau ƙosai, gobe sabulu, jibi ka laluba ka ji wayam. Naira kuwa in mun nutsa kudu ba kowa ke karɓarta ba, kuma kuɗin da ba a karɓa ai ba ya kashuwa. Sai ranar da likita ya ce a kwantar da Baba zan farke lalitar in canza, in miƙa a tagar asibiti da ɗuminsu. Naira dai ba ta tsufa.

Gobe Hamman zai haɗa mu da wani mai ɗaukar gishiri zuwa Ngaundare, inda asibitin mishan ɗin yake. In za ki ba ni amsa kada ki kai gidan waya, kan sarkin ƙasar waje ɓarna ce. Ki ba Hamman, ya san hannun da zai sa ta.

Baba yana gaishe ki, ya ce a duba masa rumbun dawa kada gara ta shiga.

Ƙanenki,
Zira


Mubi, Jihar Gongola
Ƙarshen Maris, 1984

Ƙanena Zira,

Salama a gare ka da Baba. Wasiƙarka ta iso tana warin wake da man mota. Mu duka lafiya. Dokas ƙafafunta sun ɗan kumbura, na kai ta awo, sun ce ba komai, ta dai rage gishiri. Zafi ake yi a Mubi ba na wasa ba, kogin Yedzaram ya ƙafe sai tono. Rumbun Baba na duba, ba abin da ya taɓa shi.

Na karanta wa Dokas wasiƙar, muka yi dariya har da hawaye, daga baya ni dariyar ta tsaya mini a wuya. Zira, tsoho mai ciwon ido ka ɗora a kan buhu cikin ranar Maris? Burodin da ya zama sanda kake ba mutumin da haƙoransa suka kusa ƙarewa? Hannun jariran nan naka da shi aka haife ka. Ban manta da alewar da Kawu ya kawo mana daga Yola ba. Kowa ya shanye tasa, kai ka cusa taka a jikin danga wai sai Kirsimeti, tururuwa suka yi Kirsimetinsu da ita. Tattali abu ne mai kyau, amma ba a kan cikin Baba ba.

Ka ji abin da nake so. Kuna isa asibitin ka farke lalitar, ka canza kuɗin, ka biya, a ba ka rasit. In tsoron ƙosai kake yi, rasit ma ba ya sayen ƙosai. Ni don ɓarayin hanya na ɗinke ta, ban ɗinke ta don ka yi ta yawo da ita kamar laya ba. Ƙasar nan tun da sojoji suka karɓa kullum da sabuwar doka ake tashi, sabulu da madara ma sai an yi layi ana nuna wa mutane bulala. Hankalina bai kwanta da kuɗin nan su daɗe a jikin mutum ba.

Ka tuna shanun huɗar nan biyu su ne duk ƙarfin gidanmu. Jiya na bi ta kasuwar shanu daga makaranta, sai da na kau da kai. Bana da fartanya za a yi gonar Mugulbu. Mark ma cewa ya yi da an sani da an bar sa ɗaya, a nemi cikon a wani wuri. To, an riga an sayar, abin da ya rage shi ne su sayo mana idon.

Ka saya wa Baba malafa, ba za ta talauta ka ba. Yara suna yi muku addu'a kullum kafin abinci, ƙaramin har da cewa Allah ya sa Kaka ya dawo ya ga ya yi tsawo.

Yayarka,
Liyatu


Gonar Kwaji, bayan Ngaundare
Tsakiyar Afrilu, 1984

Yaya Liyatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan ƙafar Dokas ta sabe. Mu muna nan lafiya. Ni ne dai na ɗan rame, wando yana neman zamewa, amma lalita tana riƙe shi. Baba ya yi mura saboda garin nan da sanyi, ta warke da kunun kanwa.

Mun je asibitin. Sun haska idon, sun ce yana ce ta rufe shi, kuma ta ƙosa, in aka bar ta za ta kumbura idon ya bi sawun ɗan'uwansa. Likitan da ke aikin Bature ne, sau ɗaya yake zuwa a shekara, sai tsakiyar Mayu. An rubuta sunan Baba. Akawun ya ce in ina so in biya tun yanzu da sefa. Na ce a'a. Yaya, kin taɓa ganin kuɗin da ya shiga tagar ofis ya fito? In Baturen ya fasa zuwa fa? A ƙuguna dai na san inda suke kwana.

Zaman gari bai yiwu ba. A Ngaundare ruwan sha ma sayarwa ake yi, ɗakin haya kuwa sai ka ce da garin za a haɗa maka. Ga shi an yi wani hargitsi na sojoji a Yawunde, 'yan sandansu, zandarma, sun cika hanya suna tambayar takarda, kowace tambaya kuma da kuɗinta. Sai na nemo Kwaji, ɗan ƙanwar kakarmu da ya ƙaura nan tun muna yara. Gonarsa tafiyar rabin yini ce daga gari, ba kasuwa, ba shago, ba ko rediyo. Wurin da kuɗi ba shi da ƙofar fita ke nan. Ina yi masa tono a gonar rogo, yana ciyar da mu. Tuwon rogo ne safe da yamma, Baba ya ce kamar mutum yana haɗiye ƙaro, amma yana ci. Ba ya zaman banza, igiya yake tufka wa Kwaji da lalube. Malafa ma shi ya saƙa abarsa, kin ga an huta da saye.

Jiya ya ce in kai hannunsa kan lalitar. Ya shafa ya ce, "Shanuna suna nan?" Na ce suna nan, Baba, ba su rame ba. Ya yi dariya. Ya ce shi ba ya roƙon Allah ya karanta Littafi kamar da, abin da yake so ya ga fuskar abin da Dokas za ta haifa, ya kuma iya zuwa bayan gida ba wanda ya ja shi. Wannan jan shi ne ke cin ransa, Yaya. Kowace safiya in na kama sandarsa sai ya ce mini sannu, kamar baƙo.

Akwai maganar da ta tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Kin ce Mark ya ce da an bar sa ɗaya. Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga. Wato ana ganin an yi asarar shanu a kan tsoho? Ko kuwa ana ganin ni ne zan ci? Ki gaya masa shanun na Baba ne, ido na Baba ne, kuma ni da na ƙi saya wa kaina takalmi ba zan ci kuɗin idon ubana ba. In akwai mai zuba ido a kan abin da zai rage, ya sani ba don shi nake tsimi ba.

Wannan zan ba wani mai kai doya gari ya sa a hannun mutanen Hamman. Barka da Ista tun kafin ta zo.

Ƙanenki,
Zira


Mubi
Laraba, bayan Ista

Zira,

Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, ka karanta wannan a tsaye.

Gwamnati ta canza kuɗi. An sanar a rediyo, an sauya launin takardun naira, an ba da 'yan kwanaki kowa ya kai tsofaffin banki. Ranar shida ga Mayu in ta wuce, abin da ke ƙugunka ya zama takarda. An kuma rufe iyaka ruf, Sahuda ba shiga ba fita, motar Hamman tana can garin Gidar na Kamaru ta maƙale. An ce don kuɗin da ke waje su mutu a waje aka yi haka. Namu suna waje, Zira.

Mai kawo maka wannan Garba ne, ƙanen mai gadin makarantarmu. Ta bayan dutse yake shiga da fetur, ya san hanyar da soja bai sani ba. Na sayar da akuyata na ba shi kuɗin mota. Ka farke lalitar ka ba shi duka, ya kawo mini in shiga layin banki, in mayar maka da sababbi kafin likita ya zo. Zai cire ɗaya cikin goma, ladansa da na waɗanda zai gaisar a hanya. Na san jin wannan zai yi maka zafi kamar an cire maka haƙori. Ka bari a cire. In kuwa ka ji maganata ka riga ka biya asibiti, to ka durƙusa ka gode wa Allah, ka ba Garba ruwa ya sha ya dawo.

Ban ga amsar wasiƙata ta baya ba, ban san inda kuke ba. Na ce masa ya tambayi asibiti, ya tambayi Kwaji, ya tambayi kowa. Kada ka tsaya lissafi, kada garin neman gira a rasa ido. Ina roƙonka don Allah, ina roƙonka don Mama da ke kabari.

Liyatu


Gonar Kwaji
Ƙarshen Afrilu, 1984

Yaya Liyatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an fara ruwa a nan. Garba ya same ni a gona, na kuma gode wa Allah da ba a gida ya same ni ba, don ban so Baba ya ji wannan tashin hankali. Na ce masa baƙo ne mai neman doya.

Yaya, na karanta, na sake karantawa, kuma ki yi haƙuri, Garba zai dawo miki hannu wofi. Ki saurare ni kafin ki yi fushi.

Ba yau aka fara canjin kuɗi ba. Lokacin da aka bar fam aka koma naira ai muna da wayo. Haka aka yi ta cewa fam zai mutu, amma kakarmu sai da ta gama shan iska ta tono nata daga tukunya, aka karɓa. Gwamnati tana faɗin rana ne don mutane su yi sauri. Ta yaya za a kashe kuɗin talakawan ƙasa guda cikin kwanakin da ba su isa a gama sharar gona ba? Fulanin daji fa, da ko labari bai kai musu ba? Dole a ƙara lokaci.

Sannan ɗaya cikin goma. Na yi tafiyar nan a kan buhu, na kwana a baranda, na yi wa wani tono kamar bawa, duk don kada kuɗin nan su yi giɓi. In aka cire wannan, abin da ya rage da ƙyar zai kai kuɗin aiki da magani. In kuma soja ya kama Garba a dutse fa? Ko ya kai, layin banki ya hana shi dawowa kafin likita? A bar tabbas a kama wataƙila?

Garba ya yi ta faɗa har Kwaji ya fito. Ya ce, "Zira, kuɗin nan zai mutu a jikin ka. In ba ka ba ni, je gari yau yau, 'yan canji yana saya ko rabi ne." Rabi, Yaya! Nan na gane inda aka dosa. 'Yan canji sun samu jita-jita suna yanka mutane da ita. In ƙura ta lafa farashi zai koma, su ne za su yi dariya. Ba da shanun Baba za su yi ta ba.

Abu na ƙarshe, ba zan ɓoye miki ba. Wanda ya ce da an bar sa ɗaya, yau ga shi ana cewa a mayar da kuɗin duka gidansa. Ban ce ke ba. Amma kuɗi in sun shiga gida da damina a bakin ƙofa, ga taki, ga kuɗin makaranta, ba su fitowa yadda suka shiga. Likita ya kusa. Ki bar ni in ƙarasa abin da na fara, za ki gode mini.

Ki yi haƙuri da akuyar, zan mayar miki.

Ƙanenki,
Zira


Mubi
Tsakiyar Mayu, 1984

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba. Dokas ta sauka lafiya ranar Lahadi, mace, mai gashi da yawa. Goshin Baba ta ɗauko. Uwa da 'ya suna lafiya. Ni ce dai ba na barci.

Wasiƙunka biyu tare suka zo a hannun Garba, wadda ka rubuta kafin Ista a Gidar ya tsince ta cikin motar Hamman. Da ta iso a kan lokaci da na warware maka zancen Mark tun kafin ya yi tsiro a ranka. Abin da yake nufi shi ne da an bar wa Baba sa ɗaya, shi ya sayar da kekensa ya cika, don tsoho ya dawo da ido ya tarar da abin huɗa. Mutumin da ka zarga ke nan. Na hana shi ganin wasiƙar. Ni ma da na san haka za ka ɗauki maganar da ban rubuta ta ba.

Ba a ƙara ko yini ɗaya ba, Zira. Na ga layin banki da idona, tun daga ƙofa har bakin kasuwa, mutane suna faɗuwa don rana. Washegarin da aka rufe wani Bafulatani ya iso daga daji da kuɗin shanu cikin jakar fata. Ya zauna a bakin bankin ya zazzage su a ƙasa, yana ta tambayar masu wucewa laifin da kuɗinsa suka yi. Na tsaya ina kallonsa, kai nake gani.

Na so in yi maka faɗa, na ɗauki biro na ajiye. Me faɗa zai gyara? Na zaga neman abin da zan aiko. Sababbin kuɗin ba su a hannun kowa, banki kaɗan kaɗan yake bayarwa. Na kai keken ɗinkina kasuwa, kowa ya yaba, ba mai abin saye. Mark ya sayar da keken nasa a wulaƙance. A coci an yi baiko, amma mutanen da ba su da na gishiri me za su sa? Abin da ya taru Garba ya mayar sefa, ga shi nan. Na san bai kai ko rabin rabi ba.

Ka je wurin likitan da kanka. Kada ka tsaya a tagar akawu. Ka durƙusa, ka faɗi gaskiya, ka ce za ka yi musu shara ko tono shekara guda. Girman kai ba naka ba ne yanzu. Ban sa rai sosai ba, amma ban san wata ƙofar ba.

Dokas ba ta sani ba. Tana ta tambaya yaushe Baba zai zo ya ga jikarsa, ni kuma ina cewa an kusa.

Yayarka,
Liyatu


Ngaundare
Yuni, 1984

Yaya Liyatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Mark, ki ce masa ya yafe mini ko da bai san laifin ba. Na gode Allah da saukar Dokas. Ni ina nan. Baba jikinsa lafiya, yana ci, yana barci. Idon ne babu.

Na daɗe ban rubuta ba don ban san ta inda zan fara ba. Tun kafin saƙonki ya iso na sani. Ranar da aka ce likita ya sauka na ajiye Baba a inuwar asibiti, na tafi wurin 'yan canji, na zaga bayan wani shago na farke lalitar da haƙori. Ɗinkinki ya yi ƙarfi, Yaya. Kuɗin suka fito sumul, ko lanƙwasa ba su yi ba. Na miƙa wa wani dattijo. Bai ko karɓa ba. Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur ya buɗe mini, cike da irinsu. Ya ce, "Ɗana, wannan ya mutu. Nawa ma ga shi. Ko mai ƙosai ba ya naɗe ƙosai da shi." Na bi layin nan kaf, har na ce a ba ni ɗaya cikin goma, abin da na hana Garba. Ba wanda ya ɗaga kai.

Na yi yadda kika ce tun kafin ki ce. Na durƙusa wa likitan a gaban jama'a. Mutumin kirki ne, ya ɗaga ni da hannunsa. Amma ba ni kaɗai ba ne, mutanenmu da yawa sun zo da matattun kuɗi, daga Michika, daga Uba, har daga Maiduguri. Ya ce zai fara da waɗanda suka biya, sai yara da masu ƙananan shekaru a kyauta, tsofaffi in lokaci ya rage. Muka yi ta kwana a barandar asibiti muna jira. Waɗanda suka biya tun Afrilu na ga ana fito da su da auduga a ido, bayan kwana biyu suna nuna 'ya'yansu da yatsa suna kiran suna. Lokaci bai rage ba. Ya tafi, sai baɗi.

Idon bai jira baɗi ba. Farkon watan nan ya yi ja, ya kumbura, Baba yana riƙe kai yana nishi. Sefar da kuka aiko ita ta sayi maganin zafin. Da zafin ya lafa na kunna ashana a gaban fuskarsa, bai ƙifta ba. Ma'aikacin asibitin ya duba ya ce ko likitan ya dawo gobe ba abin da zai yi.

Ban gaya wa Baba zancen kuɗin ba. Abin da ya sani shi ne layi ya yi tsawo, ba a kai kansa ba. Ya ɗauki abin fiye da yadda na ɗauka, ya ce Allah ya bayar, Allah ya karɓa. Ni na mayar da takardun cikin lalitar na ɗaura, don yakan kai hannu ya shafa. Ban san ko don shi nake ɓoyewa ko don kaina ba. Ina roƙonki, in mun iso kada a faɗa masa.

Gobe za mu kama hanya. Ba ni da kuɗin mota, sai wanda ya ji tausayi ya ɗauke mu, daga Gidar kuma da ƙafa ta bayan dutse, in Garba ya yarda ya ja mu. Cikin damina, da makaho. Ban san yaushe za mu iso ba.

Shekaranjiya muna zaune a bakin tasha, hayaƙin mai tsire yana bugo mu, sai ya kira ni. Ya ce, "Zira, tunda ido ya tafi, kuɗin ido ba su da sauran aiki. Farke lalitar nan. Ka sayo mana nama mu ci mu ƙoshi. Ka saya wa kanka takalmi, ina jin yadda kake taka ƙasa. Ka saya wa jaririyar nan zane. Sannan ka kama mana gaban mota, mu koma gida kamar mutane. Ka wahala, ɗana, ya isa haka."

Na ce, "Baba, a bari tukuna, hanya da nisa."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Sannan ya ce, "Har yanzu, Zira?"

Na ce, "Har yanzu, Baba."

Tun daga lokacin bai sake roƙona komai ba, ko ruwan sha.

Ƙanenki,
Zira